Ranar da Tata Léonie Ta Zauna Tsakanin Gaston da Armande

Duk wanda ya taɓa zama a garin Bourail ya san Léonie Sarimin, wadda kowa ke kira Tata, wato gwaggo, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajera ce mai jiki, kullum cikin sauri kamar ta baro tukunya a wuta. Kakanninta daga tsibirin Jawa suka zo aikin gonar kofi, a gonar aka haife ta, a can ta koyi girki tun sai ta taka kujera take ganin cikin tukunya. Ta auri Firmin, mai kula da shanun wani attajiri, mutumin da sai ya wuni bai ce uffan ba. Da 'ya'yansu suka girma suka watse, wasu Nouméa wasu wurin haƙar ma'adinai a arewa, sai ta kama rumfa a kasuwa tana sayar da bami, soyayyar taliyar da ta gada a wurin kakarta.

Tun tana budurwa take son silima, sai dai ba ta iya kallo da baki a rufe. In mugu ya laɓe a bayan ƙofa, ita ce za ta kwarara wa jarumi ihu ya waiwaya. Da wata malamar makaranta, Madam Clotilde, ta zo daga Faransa ta fara nuna tsofaffin finafinai a zauren gari ranar Lahadi da yamma, Léonie ce ta fara kawo mata baƙaƙen zannuwan toshe tagogi. Daga nan aikin zaunar da mutane ya dawo hannunta, don ita ta san wane da wane sun yi rigima a kan shinge, wance ba ta gaida surukarta.

Mutum uku suka fi ba ta aiki. Akwai Gaston, tsohon mahaucin garin. Akwai Armande, wadda a da matarsa ce, ta bar shi tun suna da ƙuruciya ta bi Désiré direban bas. Duk sun yi furfura yanzu, amma har lokacin in Gaston ya hango su sai ya tsallaka titi. Léonie takan ajiye shi a gaba ta hagu, su biyun a can baya ta dama.

Wata Lahadi aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. An fasa wasan ƙwallo, gari duk ya kwararo zaure, ga rufin baya yana yoyo. Kafin Léonie ta gama jera bokitai, benci ɗaya ya rage, mutum ukun nan kuma suna tsaye a bakin ƙofa, kowa na kallon wani gefe. Ta ja Madam Clotilde gefe.

"Malama, fim ɗin yau na mene ne?"

"Labarin aure ne, Tata. Yana cikin manyan finafinanmu."

"Aure? To madalla."

Ta zaunar da Gaston a wannan ƙarshen, Désiré a wancan, Armande kusa da Désiré, ita kuma ta cusa jikinta a tsakiya kamar katanga.

Majigi ya fara juyawa. Fim ne mara launi, na wani likita da matarsa a babban gida. Ba sa faɗa, ba sa hira, sai ƙarar cokali a faranti. Can matar ta haɗu da wani dogon saurayi a jirgin ƙasa, ta fara fita da rana wai za ta duba gwaggonta mara lafiya. Tunda aka san Léonie a gidan kallo, ranar ce ta farko da bakinta ya mutu.

Sauran jama'a kuwa suka karɓe mata. Wata daga baya ta ce, "Wannan gwaggo ta ga ta kanta, kullum ciwo!" Samari suka hau fito duk lokacin da saurayin ya bayyana. Da likitan ya gane abin da ake ciki, ya dawo gida ya jera faranti biyu kamar kullum bai ce komai ba, wani makiyayi ya buga hularsa a ƙasa.

"Kai, yi magana mana! Namiji ne wannan ko turmi?"

Rabin zauren kuma ba allo suke kallo ba, bencin Léonie suke satar kallo. Gaston ya harɗe hannuwa a ƙirji. Armande ta kafe ido a gaba. Firmin, a layin bayansu, tuni ya yi nisa a barci.

Fim ya ƙare da miji da mata a tebur, tana ɓare lemo, yana kallon taga. Aka janye zannuwa, haske ya shigo.

"Ya ƙare ne, ko injin ne ya lalace?" in ji wani.

Madam Clotilde ta yi dariya ta ce ya ƙare, kowa ya faɗi abin da ya gani. Nan fa gardama ta kaure. Maza suka ce likitan matsoraci ne, mata suka ce ai shirun nan nasa ya fi duka zafi. Ana cikin haka Gaston ya miƙe. Léonie ta riƙo gefen rigarsa, ya zame.

"Malama, ina da ƙorafi," ya ce. "Wanda ya shirya fim ɗin nan bai taɓa ganin kwarto ba. Nasu dogo, kyakkyawa, da gashi har yana sheƙi. Nawa kuwa ga shi can," ya nuna ƙarshen benci da haɓa, "tun a wancan zamanin da sanƙonsa."

Wani ya fashe da dariya, sai kowa ya bi. Désiré ya shafa kansa.

"Da sanƙon nawa dai aka zaɓe ni, mahauci."

"Ku rufe mana baki ku duka," in ji Armande. "Da na san munshari iri ɗaya kuke yi, da gidan uwata na koma."

Da dariya ta lafa, ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa: "Ni abin da na gani, matar nan har fim ya ƙare babu wanda ya tambaye ta me ke damunta."

Gaston ya dube ta. "Haka ne," ya ce, ya zauna.

Léonie ta buɗe tukunyar bamin da ta zo da ita, ta cika faranti uku ta dire a benci ɗaya. Suka ci, ba wata hira mai yawa, amma da Désiré ya nemi barkono Gaston ne ya miƙa masa.

A hanyar gida, ruwa ya tsagaita, Léonie ta zunguri mijinta da lema.

"Tsoho, da kai ne likitan nan, me za ka yi?"

"Wane likita?"

Ta ba shi labarin tun daga farko, da ƙarin gishirinta. Ya saurara har suka kai gada.

"Ni ban damu ba, tsohuwa," ya ce. "Duk wanda ya ɗauke ki, kafin kwana biyu zai dawo min da ke, kunnuwansa na ciwo."

Ta bi shi da lema, yana kare kai yana dariya.

Gaston da Désiré ba su zama aminai ba, amma sun fara gaisawa a kasuwa. Da ciwon ƙafa ya kwantar da Désiré bayan wasu shekaru, duk Juma'a sai ga Gaston a ƙofar gidan da ƙashin miya a ƙunshe, ya miƙa wa Armande, ya tsaya ya tsokani maras lafiyan ta taga, ya wuce. Léonie kuwa ta ci gaba da aikin zaure har gwiwoyinta suka gaza, ta bar wa ƙanwar surukarta. Yanzu yawancin yammacinta a bakin kogi take yi, ita da Firmin, kowa da sandar kamun kifinsa, kuma ita ta fi shi kamawa.