Ƙafar Hagun Baba

Daga gidanmu a Ƙofar Jatau zuwa masallacin Juma'a ba wata tafiya ba ce, amma a 'yan shekarun nan Baba kan fita tun da hantsi. Kusan kowane zaure sai ya tsaya. Ya gai da mai wanki, ya tambayi maƙeri jikin tsohuwarsa, ya dafa katanga yana sauraron amsa har ƙarshenta. Unguwa ta yi ta yabonsa, ana cewa tsufa ya ƙara wa Malam zumunci. A cikin birni wanda ya gajarta gaisuwa ake tuhuma, don haka babu wanda ya ga abin tambaya.

Inna, mahaifiyata, ita ta gano. Tana zuba masa ruwan alwala ta ga babban yatsansa na hagu ya yi duhu, ga wani ɗan gyambo da takalmi ya ji masa ya ƙi warkewa. Na ɗauki hutu daga gidan rediyon da nake karanta labarai, na kai shi asibiti.

Likitar ba ta jin Hausa sosai, sai ta ce in yi tafinta. Ta laluba bayan ƙafar tana neman bugun jini, ba ta samu ba. Ta tambaya ko sharaɓarsa na ciwo in yana tafiya, in ya tsaya kuma ya lafa.

"Tana yi," in ji Baba.

"Tun yaushe?"

Ya dube ni, ba ita ba. "Tun da na fara yawan gaisuwa."

Bayan gwaje-gwaje ta yi mana bayani, ni kuma ina mayarwa. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa mai santsi, siririya ƙwarai, kuma mai rai. Ita ke sa jijiya ta saki, jini ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Idan maiƙo ya yi yawa a jini, ga hawan jini, ga suga, sai ƙwayoyin shimfiɗar su wahala. Su kumbura, su daina aikinsu, maiƙon ya kutsa ƙarƙashinsu ya daskare. A hankali hanya ta tsuke. Tsokar da ke tafiya tana neman jini, ba ta samu ba, shi ne ciwon.

Baba ya ɗaga siririn hannunsa, hannun da ya shekara da shekaru yana ɗinkin babbar riga. "Tambaye ta, ni da kaza ta fi ni tsoka, ina na ajiye kitsen?"

Ta ce ba a ganinsa a jiki. Wani hanta ke yi, wani gado ne, wani man shanun tuwo ne da dogon zama.

Na faɗa masa haka, kowace kalma a mazauninta, da muryar da na saba aiki da ita.

"Kai, ɗan rediyo," ya ce, "bar karanta mini labaran duniya. Ƙafar za ta zauna ko za ta tafi?"

Likitar ta ce za a gwada.

An gwada. Inna ta kawar da kwalbar man shanu daga gidan gaba ɗaya. Baba ya sha magani bai tsallake ba, ana wanke gyambon kullum. Baƙin ya bar yatsa ya hau tafin ƙafa. Da aka ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, abu ɗaya ya tambaya, yadda zai yi zaman tahiya. Baffa, ƙanensa, ya ce a kujera ma salla ta yi. Baba ya ce ya sani, shi ya karantar da shi babin.

Ranar aikin, bayan azahar, wata nas ta kira ni gefe ta miƙo mini ƙunshi. Ban taɓa tunanin inda ƙafar da aka yanke ke zuwa ba. Baffa ya sani, domin ya zo da farin ƙyalle a aljihu. Da muke naɗe ta na ga kantar da zaman salla ya yi mata a idon sawu. Ta fi yadda na zata nauyi. Na rungume ta a bayan mota har maƙabartar da ke bayan ganuwa. Ba a yi mata salla ba. Mai haƙa ya yi ɗan rami, muka sa ta, muka mayar da ƙasa.

Da muka koma Baba ya farfaɗo.

"Kun kai ta?"

"Mun kai, Baba."

"Akwai fili kusa da ita?"

Na ce akwai. Baffa ya tashi ya fita.

Baba ya rufe idonsa. Can ya ce babban yatsan na yi masa ƙaiƙayi, in ɗan sosa masa. Na dubi inda bargo ya kwanta a kan katifa, babu komai ƙarƙashinsa. Na sa hannu a wurin na fara susa.

"Ƙasa kaɗan," ya ce.