Na Ce "Da Sauƙi", Aka Rubuta Ban Zo Ba

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Duk ranar da kika miƙe, jarrabawarki na nan. Ni na faɗa."

Shugaban sashenmu na jami'a ne ya faɗi haka a gefen gadona a asibiti, da ledar lemo a hannunsa, a gaban maigidana. A lokacin ba na iya magana, amma kunnena bai shanye ba.

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu cigiyata, ku yi haƙuri. Hannun rubutun ne ya tafi, bakin ma ya bi shi.

Bayan na aurar da 'yata ta fari na koma jami'a yin digiri na biyu. Ofis duk mako, lakca Juma'a da yamma da Asabar. Daga Malali in hau keke da takardu a cinya, ina karatu ana jijjiga ni. Abinci sai wanda na tuna. Shayi mai kauri da maganin ciwon kai daga kemis su suka riƙe ni.

Ciwon ya fara daga ƙeya. Sai layukan littafi suka riƙa hawa kan juna. Maigidana ya ce, "Maman Sadik, ki je a auna jinin nan mana." Na ce bayan jarrabawa. Duk ajinmu haka muke faɗa. Mai olsa, mai rashin barci, mai kuka a banɗaki, kowa bayan jarrabawa.

Wata Asabar a aji biro ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na juya in gaya wa matar da ke kusa da ni, sai wani ƙugi ya fito wanda ban san muryata ba ce.

Aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗebi jini, aka sa ruwa. 'Yan kunnena na gwal a nan suka tafi, wajen biyan kuɗin. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. "Hawan jini ya daɗe yana miki sallama, Hajiya, ba ki amsa ba."

Ba hannun ne ya fi ba ni tsoro ba. Kalmomi ne. Ni da nake gyara wa mai karanta labarai Hausa daga kan tabarma, a nuna mini kofi, na san kofi ne, sunan ya ƙi fitowa. Ɗana Sadik ya durƙusa ya ce, "Mama, wane ne ni?" Na san shi har cikin ƙashina. Na kasa. Ya fita waje don kada in ga fuskarsa.

Abu uku suka rage a bakina: Fatiha, Alhamdulillahi, da "da sauƙi". Likita ya ce abin da baki ya saba da shi yana da tasa hanyar daban, ciwon bai taɓa ta ba.

Ana gobe jarrabawar ƙarshe wayata ta yi ƙara. Maigida ya fita sayen magani, nas ta kanga mini a kunne. Shugaban sashe ne.

"Hajiya, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Gobe za ki iya shigowa ke nan?"

A cikin kaina ina cewa a'a, ko zama ba na iyawa. Bakina ya ce, "Da sauƙi."

Ya yi sallama. Na yi kuka, nas tana share mini ɓarin fuskar da ba na ji.

Da sakamako ya fito, an rubuta ban zo ba, babu uzuri. Maigidana ya je ya sami shugaban sashen, shi kuwa ya ce masa, "Alhaji, da kaina na kira ta, da bakinta ta ce da sauƙi."

Malam shugaban sashe, kai Bahaushe ne. Mahaifiyata ta ce da sauƙi da safe, da la'asar aka kai ta makwancinta. Taka ma, Allah ya ji ƙanta, na tabbata haka ta ce. Wace rana marar lafiya ya taɓa amsa gaisuwa da "jiki ya yi tsanani"? Mantawa ka yi ka kai maganata gaban kwamitin jarrabawa, sai ka ɗauki gaisuwa ka rufe kunyarka da ita.

Wa'adin karatuna a wannan zangon zai ƙare. In ban rubuta jarrabawar nan ba, shekarun da suka ci mini rabin jiki sun tafi a banza.

Na warke, gwargwado. An yi ta gashi, na yi ta matsa ƙwallon roba, na tsinci wake daga cikin shinkafa. Na koma littafin 'yan aji ɗaya, ba, bi, bu. Ranar da na kira sunan Sadik, yana alwala ne, ya saki butar. Yanzu ina tafiya da sanda, wannan kuma da hagu na rubuta shi.

Na gode wa Allah. Na gode wa maigidana da ya koyi ɗaura mini zani, da masu jinya, da 'yan ajinmu da suka yi ta zuwa.

Ɗalibai, manya da yara: ku auna jini ko ba ku jin komai. Ciwon kai da ke dawowa ba na kemis ba ne. In baki ya karkace ko hannu ya mutu, a nufi asibiti nan take, ba a jira. Wanda ya kwanta, a sa wani ya sanar da makaranta a rubuce, kada a dogara da alkawarin dubiya.

Malam, kwamiti zai zauna Alhamis ta ƙarshen wata. Ka kai maganata kafin Litinin ɗin makon. In ba ka kai ba, zan hau benen nan da sandata, da shaidar likita, in faɗa musu da bakina kana zaune. Maganata ta yi nauyi yanzu, kalma kan maƙale mini a tsakiyar jimla. Babu wanda zai ƙarasa mini. Za ku zauna har in kai aya.