Hannun Kawu a Kan Waya

Ran wata Juma'a ƙanena, mai dako a tashar jiragen ruwa, ya bi abokan aikinsa hawan duwatsun gabashin Jidda. Silifas ne a ƙafarsa, guzurinsa fulas ɗin shayi, ko gorar ruwa bai ɗauka ba. Da azahar ɗayansu ya bugo mana gida a unguwar Nuzla, wai sun sauko ba su gan shi ba.

Na ce a kira masu ceto. Kawunmu ya dafe wayata.

"Ke, dakata. An ce yanzu cajin mutum suke yi, har kuɗin man jirgin ceto. In kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan, ya ji, halas, shi ke nan aiki ya tafi."

"Wa ya ce, Kawu?"

Bai san wanda ya ce ba. Haka muka zauna, Inna na jan carbi, ni ina kallon zafi na tashi daga kwalta. Ana kiran la'asar na fizge wayar na buga wa masu ceton.

Gab da magariba suka same shi a gindin wani dutse, leɓɓa sun tsage, bai ma gane kowa ba. Ko riyal ba su nema ba.

Wauta ya yi, da ya warke kuwa na wanke shi tas. Amma duk wanda ya ce mini a riƙa cajin irinsu don su hankalta, hannun Kawu nake tunowa. Jita-jita kawai ta cinye mana awa uku. Da a ce gaskiya ce, gawa za a sauko mana da ita.