Kwalaben Ruwan Tsauni da Tsarabar Zamzam

Asabar

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na bar gida a unguwar Sa'alaba ta Jidda. Dakta Huda, wadda nake yi wa aikin auna ruwa a ɗakin gwaji, tana jirana a filin jirgi, za mu je ɗebo ruwan tsauni don gwaji. Haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa fiye da yadda take mayarwa. Awa biyar muka yi a sama kafin Islamabad. Bizar fita da dawowata za ta ƙare ranar Alhamis, don haka kwanakin ƙidayayyu ne.

Lahadi

Kusan kilomita ɗari biyar a mota zuwa Gilgit, awa goma sha biyar, shingen bincike shida. A kowanne sai an buɗe akwatin kwalabe goma sha biyu. Na yi ta bayani: a ido ruwa duk ɗaya ne, amma ƙwayoyin da suka haɗa shi wasu sun fi wasu nauyi. Narkakkiyar ƙanƙarar tsauni da awonta, ruwan sama da nasa. Na'ura ce ke faɗin kason kowanne a cikin kogi, muddin ba a gauraya shi da komai ba.

Litinin

Mai masaukinmu a wani ƙauye kusa da Gilgit, Haji Karim, dattijo ne da ya daɗe yana tuƙin tasi a Bab Makka ta Jidda, Larabcinsa na Hijaz tsantsa. Muka ba shi tsarabar dabino da gorar zamzam. Ya kawo shayi mai gishiri da busassun 'ya'yan itace.

Talata

Daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma muka cika kwalabe: bakin ƙanƙara, tafki, da wurare goma a kogi. Bayan Magariba na shiga ɗaki na tarar da Haji zaune, kwalabe a buɗe, gorar zamzam a gefensa, cokali a hannu.

"Ya Ammi, me kake yi?"

"Ɗigo ɗaya ɗaya, ya waladi. Ku zo daga ƙasa mai tsarki, ku koma da ruwa ba albarka? Ruwan gonakinmu fa za ku auna."

Dakta ta tsaya a ƙofa. Ta fara da Larabci, ta kasa, ta juyo gare ni da Hausa don kada ya ji: "Isa, ka gaya mini bai yi duka ba."

"Ya yi duka, Dakta. Mutum ne mai adalci."

Ni na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon cokalin, ya ce, "Halas, shi ke nan. Gobe ni ne jakinku."

Laraba

Muka zubar da ruwan a gindin bishiya, muka ɗauraye kowace kwalba sau uku a wurin ɗiba. Haji ya saɓa akwatin, ya bi da mu ta hanyar makiyaya, yana ta "yalla, yalla". Sha biyu daidai direban da zai mayar da mu Islamabad ya danna oda daga ƙasa. Kwalba tara muka samu. Tafkin yana nan sama, tafiyar awa biyu. Dakta ta dubi wajen tafkin, ta dubi agogo, ta rufe akwatin.

Alhamis

Aka buga mini hatimin shiga Jidda da la'asar, bizata da sauran awa takwas. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da Haji Karim, wanda ba don ƙafarsa ba da ko taran ba mu samu ba. Tafkin sai baɗi.