Barewar Maliki

Sunansa Maliki. Na rubuta shi yanzu, amma ban taɓa kiransa da bakina ba, domin ɗan fari ne. Na yi jami'a a Yamai, ina karantar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, duk da haka ban bar wannan kunya ba. In zan yi zancensa sai in ce "yaron Tsibiri", don can aka kai shi bayan yaye, wurin Iya Maijidda, mahaifiyar babansa. Sai da zai shiga kolej, ƙaramar sakandare, ya dawo gidanmu a Sabon Garin Maraɗi. Shi kuma "Malama" yake ce mini, kamar sauran ɗalibaina.

Yaro ne marar surutu, mai son tsugunawa yana kallon abu har a manta da shi. Ya shiga jami'ar Yamai, fannin noma da gandun daji, bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da kowa ke da jam'iyya. Karatun bai tafi daidai ba. Yau ɗalibai na yaji, gobe malamai, har aka soke shekara guda ɗungum. Ya fi zama a Maraɗi bisa Yamai.

A wannan zaman ne ya ɗora ido a kan wata barewa. Yayan babansa, Alhaji Tanimu, ɗan kasuwa a unguwar Zariya, ya saye ta tana ƙarama a hannun wani direba da ya taso daga arewa, ya ɗaure ta a tsakar gida don ado. Yara na ba ta biskit a hannu. Maliki ya yi ta zarya gidan har Alhaji ya gaji.

"Kai ɗan nan, in nama kake so ka faɗi, in sa a yanka maka rago."

"Baba Alhaji, irinta sun kusa ƙarewa a daji."

"To ai ga wannan ba ta ƙare ba. Ta ma fi ka cin mai kyau."

Amma ya ba shi ita.

Babansa, Idirisa, yana da garka a Jiratawa, can ƙarshen gonakin rani. Maliki ya kewaye wani fili mai bagaruwa da zana wadda ta fi tsayin mutum, ya bar ƙaramar kafa a ƙasa inda ake tura harawa da ruwa, ya saka barewar ciki. Ya kafa doka: kada ta ga kowa, kada a yi magana kusa. Iya Maijidda ta taso daga Tsibiri don ta gani, ya tare ta a bakin garka.

"Maigida, ni da na goya ka ko rumfa ba ka yi mini ba, sai akuyar daji?"

"Ke kin riga kin saba da mutane, tsohuwa, ba ki gyaruwa."

Ni sau ɗaya ya yi mini bayani, muna dawowa gari. Ina jin ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

"Malama, in aka sake ta yanzu, mutum na farko da ta gani za ta je ta shinshina hannunsa, ko da bindiga ce a hannun. Sai ta manta da mu tukuna. Ranar da ta ji motsin mutum ta zabura, an yi rabin aiki."

"Sauran rabin fa?"

"Shi za ni koyo."

Ƙarshen 1995 aka zaɓe shi cikin ɗaliban da za su yi zango ɗaya na karatu a daji tare da wata jami'a ta Burkina, a wani gandu na kudancin ƙasar mai giwaye da gwanki. Za su koyi ƙidayar namun daji, da bin sawu, da yadda ake mayar da dabbar gida daji. A tasha babansa ya riƙe hannunsa yana ta addu'a. Ni na tsaya gefe, na ce "Allah ya kiyaye hanya", ina kallon direba.

A Janairu sojoji suka karɓi mulki a Yamai. A ranin nan kuma sanƙarau ya shigo ko'ina. Ya kama Maliki a sansaninsu, ya cika a mota kafin a kai asibiti. An rufe shi a wani ƙauye da sai da na nemi sunansa a taswira. Malaminsu ya bugo waya wurin aikin babansa bayan an gama komai. Daga baya jakarsa ta iso: takalman daji, gidan sauro, madubin hangen nesa.

Mata sun cika gidan, suna ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Ina zaune ne kawai, ina lura da wadda ba a kai wa ruwa ba.

Ana gab da sadakar arba'in maza suka zauna a kan barewar, ni ina bakin ƙofa. Alhaji Tanimu ya ce a yanka ta a raba, ladan ya kai wa yaron. Idirisa ya ce a'a, a kai ta dajin Baban Rafi a 'yanta ta, abin da yaron yake so ke nan. Kowannensu da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ba a saba jin bakin uwa a zancen ɗan fari ba, shi ya sa duk suka waiwayo da na yi magana.

"Ba a yanka ta, ba a kuma sakin ta. An ce ba ta isa saki ba."

"Wa ya ce?" in ji Alhaji.

"Mai ita."

Rago aka yanka.

Tun daga lokacin, ranakun aiki Idirisa ke kai mata abinci, Asabar da Lahadi ni. Ina cire takalmi daga nesa, in bi ta inda iska ba za ta kai mata ƙanshina ba, in tura harawa ta kafa, in zuba ruwa, in juyo. Ban taɓa leƙawa ba. Da farko ina jin numfashinta dab da zana, tana bin inuwata. Da damina ta zagayo ta daina zuwa.

Bara, wata Asabar, na taka busasshen kara ya karye. Sai na ji gudu a ciki, kofato na dukan ƙasa har can ƙarshen shinge, sannan shiru. Na tsaya da bokiti a hannu. Na san abin da wannan yake nufi, ya faɗa mini. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba.

Da yamma na gaya wa babansa an yi rabin aiki. Ya tambaye ni me za a yi yanzu. Na ce ban sani ba, iyakar abin da aka koya mini ke nan. Zanar gabas ta fara ruɓewa, mun sa a saƙa sabuwa a Tsibiri.