Na bar kafilina saboda maganar baƙo

Lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai mata da 'ya ɗaya, haifaffen Madina, iyayena kuma mutanen Chadi. Ina aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi. Ga Larabci, ga ɗan Turancin da na tsinta a bakin baƙi, sai nake ganin duk unguwarmu ta Ranuna babu wayayye kamata.

A can na haɗu da wani jami'in jakadancin Amurka, Musulmi, wanda ke zuwa daga Jidda lokacin Hajji don duba mutanen ƙasarsu, wanda fasfonsa ya ɓata da wanda ya kwanta asibiti. Ni ke raka shi ko'ina. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba. Ya ci tuwo a gidanmu, yana durƙusa wa mahaifiyata yana ce mata Hajiya. Yakan ba ni labarin ƙasashen da ya yi aiki, ni kuwa ban taɓa tambayar kaina me ya sa suka yi yawa haka ba. Wata rana ya ce ofishinsu zai nemi direba, in na nema zai yi mini shaida. Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma a wurinmu, in babba ya ci abincin gidanka ya furta magana, ta zauna. Na je na yi wa kafilina, wanda iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke ƙarƙashinsa, rashin kunya, na ajiye masa aikinsa. Hajiya ta ce in dakata, na ce mata ba ta san zamani ba.

Kafin a fara ɗaukar direban aka mayar da jami'in wata ƙasa. Ashe haka aikinsu yake, ba a barin mutum ya daɗe wuri ɗaya. Ya kira ni ya ba ni haƙuri, hankalinsa a tashe da ya ji na bar aiki. Wanda ya gaje shi bai san ni ba, kuma ba shi da dalilin sanina. Kafili ya kai rahoton na gudu. Daga nan na zama ɗan ɗaki a garin da aka haife ni, ko jiniya na ji sai in nemi wurin ɓuya. Ranar da Hajiya ta rasu, yayana ya tare ƙofa, ya rantse in aka kama ni a hanyar Harami aka kore ni daga ƙasar, shi ba zai iya riƙe mini iyali ba. Aka yi mata salla, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a, inda ba a rubuta suna a kan kabari, ina zaune a ɗakinta ina kuka.

Daga baya dattawa sun sasanta mu da kafilin, amma wannan baƙin cikin har yau bai sake ni ba. 'Yan'uwana masu zaman ƙasar mutane, komai kirkin baƙo, ku fara tambayar yaushe zai tafi kafin ku saki abin da ke hannunku. Ni ban tambaya ba, shi ya sa har gobe ban san inda aka binne mahaifiyata ba.