Bayan Ɗakin Inna

Duk wanda ya dawo daga garinmu na gindin dutse sai ya yabe shi. An shimfiɗa duwatsun pabe a tsakiyar gari, an kafa fitilun sola, butik-butik na ƴan kasuwa sun jeru inda dā awaki ke kwance. Samarin da suka tafi Kano ma sun fara dawowa, wannan ya buɗe wurin ɗinki, wancan gyaran salula. Ni ina aure can wajen Guci, shekara biyu ban je ba.

Gidan Innata na cikin waɗanda hanya ta ci, suka koma bayan gari. A gidan na haifi ƴata ta fari, kuma a bayan ɗakin Inna ungozoma ta binne mabiyiyarta. Yarinyar ba ta kai yaye ba, zazzaɓin damina ya ɗauke ta. Maza suka kai ta, ban san kabarinta ba. Ko sunanta ban taɓa kira ba, saboda kunyar ɗan fari. Bayan ɗakin nan kaɗai ne wurinta da na sani.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu zuwa garinmu, ɗana na biyu goye, ina ta kai hannu ƙafarsa in ji ko da zafi. Gaskiya garin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ba taɓo, an share ko'ina, ƴanmata na ɗaukar hoto da dutsen a bayansu. Ni kuwa na kasa gane ko inda ƙofarmu take. Wa zan tambaya, in ce masa me?

Sai na tuna lokacin wankan jego. In na zauna bayan ɗaki, tsagar nan ta kan dutse daidai take da kan tsamiyar masallaci. Tsamiyar tana nan, ba a sare ta ba. Na yi ta matsawa ina ɗaga kai har suka haɗu. Na ga ina tsaye gaban wata tsohuwa mai fura.

"Ƴar nan, tun ɗazu kike kallon sama. Ruwa za ki roƙo mana ko fura za ki sha?"

"Wani abu nake nema, Iya."

"A sama? To in kin samu mu raba."

Ta ƙura mini ido, sai dariyarta ta tsaya. "Ashe ke ce. Ba nan ne gidanku ba?" Ta leƙa goyona, ta ga namiji ne, ƙarami. Ba ta tambaye ni ta farin ba. Ta janye ƙwaryarta gefe, ta turo mini kujera.

Na zauna, na sauke yaron na ba shi nono. Na zare takalmi a hankali, na aza tafin ƙafa kan pabe. Rana ta gasa shi, yana ƙuna, ban ɗauke ba.

"Wurin ya yi kyau ko?" in ji ta.

"Ya yi, Iya."